Zubi Goma Sha Tara

Ƙarfe uku da kwata a Kuritiba.
Yayyafi na ƙwanƙwasa rufin tashar bas,
ni kuma ina sama da gidan burodin Valdomiro,
ƙafa cikin bargo, ido kan allo,
kofi ya huce tun tsakar dare.

Jikin firij akwai wata takarda,
rubutun hannuna ne, na watan Maris, sa'ad da nake da hankali:
"Odair, in jari ya kai zubi talatin, hau.
In ya faɗo ƙasa da ashirin, sauka.
Ban da gardama."
Har layi biyu na ja a ƙarƙashin gardama.

Hawan bai ba ni wuya ba.
Wata bakwai ina tsintar kwabbai a teburin dala ashirin da biyar,
wurin masu wasa da giya a hannu,
masu bin kowace karta kamar kaza ta ga tsaba.
Ranar da lissafi ya cika dubu da ɗari biyar
na kira yayata Zuleide,
na ce mata ƙanenki ya koma teburin hamsin.
Ta ce, to, kuɗin hayar fa?

A teburin hamsin ba mai shan giya.
Akwai wani mai hoton mujiya, ban san ƙasarsa ba,
yana jira na kamar mai bin bashi.
In na yi kurari, ya san kurari ne.
In na riƙe sarakuna biyu, sai ya janye salin-alin,
ya bar ni da tukunyar da ba ta kai kuɗin bas ba.
Daren Talata na tura duka da sarauniya uku,
kartar ƙarshe ta faɗo, ta zama tasa.
Wannan ƙaddara ce, na yarda.
Na Laraba fa? Na Alhamis?
Waɗannan ni ne, da zafin rai, da yatsa mai saurin dannawa.

Yanzu ɗari tara da hamsin.
Na raba da hamsin sau uku, ko kalkuleta za ta ji tausayina.
Goma sha tara.

Wata murya na cewa: ɗaya tak ya rage ka koma ashirin,
hannu ɗaya mai kyau, wa zai sani?
Takarda ba ta da ido.
Muryar nan na san ta,
ita ta raka kawuna Nivaldo filin sukuwa
har ya sayar da motar da yake haya da ita.
Ba ta tsufa, ba ta sauya magana.

Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, in ji masu magana,
sai dai ba su faɗi yadda ragon ke ji ba
in 'yan garke na kallo.
Ni 'yan garkena wa? Mujiya?
Gobe ma ba zai tuna sunana ba,
wani zai zauna a kujerar, ya ci shi.

Ƙasa an kunna tanda.
Ƙamshin ya biyo matakala, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.
Valdomiro shekara talatin yana auna gari da sikeli,
ko ranar da yake jin hannunsa ya san nauyin.
Na taɓa tambayarsa dalili,
ya ce, ranar da nake jin na sani, ran nan na fi aunawa.

Na rufe teburin hamsin.
Ba a yi tsawa ba, ruwa bai tsaya ba.
Na buɗe jerin na ashirin da biyar,
ga tsofaffin sunaye, har da mai hoton kada
da ke kiran kowane zubi da bakwai da biyu.
Kunya ta ɗan taɓa ni a wuya, ta wuce.

Ban zauna ba tukuna.
Na ɗauki biro, na ƙara layi a jikin firij:
"An sauka, sha ɗaya ga Yuli. Ba a mutu ba."
Sannan na sa silifa, na lalubi aljihu,
na gangara sayen burodi biyu masu zafi,
ina ƙirga matakala.
Goma sha tara ne su ma,
ban taɓa lura ba.